Yadda Mutanen Oku, Nso da Kom Suka Tsare Kurmin Kilum-Ijim

A yankin Arewa maso Yamma na ƙasar Kamaru, can cikin tsaunukan Bamenda, akwai wani kurmi a kan dutse wanda ake kira Kilum-Ijim. Faɗinsa wajen hekta 20,000 ne, kuma shi ne kurmin kan tudu mafi girma da ya rage a wannan sashe na Afirka. Tun daga 1931 hukumomi suke neman killace shi da doka, na Turawa da na 'yan ƙasa, amma kurmin bai fasa raguwa ba. Tsakanin 1958 da 1988 fiye da rabinsa ya tafi. Bai sami sauƙi ba sai da aka zauna da mutanen da ke gindin dutsen aka yarda cewa kurmin nasu ne. Wannan tarihi ne za mu bi daki daki, domin mu ga abin da doka ta kasa, da abin da jama'a suka iya, da kuma inda su ma jama'ar suka yi tuntuɓe.

Ƙasar da mutanenta

Dutsen Kilum, wanda ake kuma kira Dutsen Oku, tsawonsa mita 3,011 ne. A ƙasar Kamaru babu wanda ya fi shi sai Dutsen Kamaru da ke bakin teku, mai fiye da mita 4,000. Daga Kilum wani dogon tudu ya miƙe wanda ake kira Ijim. Kurmin yana kwance a kan waɗannan biyu, daga wajen mita 2,000 zuwa kusa da ƙwanƙoli. Wuri ne mai sanyi da hazo. Damina takan fara a watan Maris ta kai har Nuwamba. Itatuwan sukan riƙe ruwan sama, ƙasa ta sha, sa'an nan ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan cikin rafuka har cikin rani. Daga tsaunukan Bamenda ne kogin Katsina-Ala ya taso, ya je ya zuba a Binuwai. Saboda haka wanda ke shan ruwa a can Nijeriya yana da rabo a cikin wannan magana ko da bai taɓa ganin dutsen ba.

Masarautu uku ne suka kewaye kurmin. Akwai Oku, wadda fadarta ke Elak, da Nso, wadda Hausawa suka fi sani da Banso, fadarta tana Kumbo, da kuma Kom, wadda fadarta ke Laikom. Sarkin kowace ana ce masa Fon. Mutane fiye da 200,000 suke zaune inda za su iya isa kurmin da ƙafa cikin yini guda. Manoma ne masu masara da wake da dankalin Turawa da kofi. Mutanen Oku sun yi suna wajen sassaƙa, da maganin gargajiya, da kiwon zuma, kuma dukan waɗannan sana'o'i uku daga kurmin suke ci.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa goron Banso yake bi ta Banyo zuwa Adamawa, daga baya kuma fatake suka kafa zango a Kumbo da Bamenda. Fulani Mbororo sun iso da shanunsu a wajen 1905, ƙarƙashin Arɗo Sabga, suka bazu a kan tuddan da ke da ciyawa.

A kowace masarauta akwai wata ƙungiya ta manya a fada wadda ke tsawata wa jama'a da zartar da hukunci. A Oku da Kom ana kiranta Kwifon, a Nso kuwa Nwerong. Idan ta sa hannu ta hana abu, ba mai taɓawa. A zamanin da, ita ce ke tsaron wuraren da aka keɓe a kurmi, ita ce kuma ke cin tarar wanda ya ƙetare. Manyan namun daji irin su damisa na sarki ne. Duk maharbin da ya kashe ta sai ya kai fada.

Abin da ke cikin kurmin

Abin da ya fara jawo hankalin duniya ga wannan kurmi tsuntsu ne. Mutanen Oku suna kiransa fen, Turawa kuwa suna ce masa turako na Bannerman. Wani Ba'amurke mai nazarin tsuntsaye, George Latimer Bates, shi ya fara bayyana shi ga masana a 1923, ya sa masa sunan David Bannerman na ƙasar Ingila. Tsuntsun ya ɗan fi kurciya girma, jikinsa kore, yana da jan tukku a kai, in kuwa ya buɗe fikafikai sai a ga ja wur. 'Ya'yan itatuwa yake ci, ba ya kuma iya tafiya mai nisa a sarari. In an sare kurmi aka bar shi tsibiri tsibiri, tsuntsun ba ya ƙetarewa daga wannan zuwa wancan da sauƙi. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsaunukan nan na yammacin Kamaru, mafi yawansu kuwa a Kilum-Ijim.

Jan gashin fiffikensa yana da daraja ƙwarai a al'adar ƙasar. Idan Fon yana so ya girmama mutum saboda jaruntaka ko wani aikin kirki, yakan soka masa jan gashin a hula. Duk wanda aka gani da shi an san mai muƙami ne. Ga shi dai al'ada ta ɗaukaka tsuntsun, amma ita ce kuma take sa a farauce shi. Sai dai dattawa sun gane cewa ranar da fen ya ƙare, ranar ce sarki zai rasa abin da zai saka wa bayinsa da shi. Wannan magana ta yi aiki daga baya fiye da dogon bayanin masana.

Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu kuma, baƙi da fari, mai jan fata a kan ido, wanda shi ma yana cikin haɗarin ƙarewa. Shi yakan yi sheƙa a ƙananan itatuwa kusa da ƙasa. In awaki sun shiga kurmi sun cinye ƙananan tsire-tsire, ya rasa wurin ƙwai ke nan.

A tsakiyar kurmin, sama da mita 2,200, akwai Tafkin Oku, wanda ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Mutanen Oku suna ɗaukarsa wuri mai tsarki, ba a kuwa wasa da shi. Babu kifi a cikinsa, amma akwai wani ɗan kwaɗo mai farata wanda masana suka bayyana a 1991 da sunan Xenopus longipes. Duk duniya a wannan tafki kaɗai yake. Masana sun yi gargaɗi cewa in wani ya zuba kifi a tafkin, kwaɗon zai iya ƙarewa. Akwai kuma wani irin ɓera da ba a samunsa sai a Dutsen Oku. A shekara ta 2000 masana na lambun tsire-tsire na Kew, a Ingila, tare da takwarorinsu na Kamaru, suka buga littafi guda a kan tsire-tsiren dutsen, ciki har da waɗanda babu su a wani wuri dabam.

Zamanin Turawa da dokar killacewa

Jamusawa sun kama bakin tekun Kamaru a 1884, suka kafa bariki a Bamenda a 1902, suka ci Nso da yaƙi a 1906. Mulkinsu bai daɗe ba. A 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kore su, wannan yanki ya koma hannun Ingilishi, waɗanda suka riƙa mulkinsa tare da Nijeriya.

A 1931 babban jami'in gandun daji na Turawa ya shata iyakar wurin da yake so a mai da shi gandun gwamnati a Dutsen Oku. Da aka yi shela, jama'a suka ƙi ƙememe. Dalilinsu a fili yake. A ganinsu, gandun gwamnati wuri ne da za a hana mutum shiga ya ɗebo itacen girki, ko ya kafa amya, ko ya samo magani, a ƙasar da kakanninsa suka bar masa. Aka yi sulhu aka bar musu waɗansu haƙƙoƙi, amma maganar killacewa ba ta tabbata ba. Aka sake gwadawa a 1938, ba a ci nasara ba. A watan Fabrairu na 1961 mutanen kudancin Kamaru ta Ingilishi suka jefa ƙuri'a suka zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. A wannan shekara, da kuma 1963, aka sake ɗaga maganar gandun, har yanzu dai ba ta kai ko'ina ba. Sai a 1975 aka sami shata iyakar wani sashe, amma ba kowa ya kula da ita ba.

Mai karatu zai lura da wani abu a nan. Kowane yunƙuri na killacewa yana koya wa manomi darasi guda, wato gwamnati tana zuwa ta karɓe kurmi, amma ba ta karɓe gona. Saboda haka wanda ke son ya riƙe wuri sai ya yi sauri ya sare shi ya shuka wake. Ikon Kwifon kuma ya yi rauni, domin hukuma ta ce kurmi nata ne, ga shi kuwa ba ta da isassun ma'aikatan da za su tsare shi. Kurmin ya zama kamar marayan da kowa ke cewa ba shi ne mai riƙonsa ba.

Shekarun ɓarna

Abubuwa da yawa suka haɗu a kan kurmin. Jama'a sun ƙaru, gonaki suka yi ta hawa dutse, domin ƙasar kurmi baƙa ce mai albarka, dankalin Turawa da wake suna yi sosai a cikinta. Aka sake tumaki da awaki suna kwana a ciki. Da rani kuma wuta takan kuɓuce daga masu gyaran gona, ko makiyaya masu neman sabuwar ciyawa, ko masu cire zuma da hayaƙi, ta ci abin da ta ci. Zuwa 1986 kurmin ya koma rabin yadda yake a 1963.

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi mai tsanani. Kuɗin kofi ya yi ta faɗuwa, a 1989 kuma yarjejeniyar da ke daidaita cinikinsa a duniya ta rushe. Manomin da a da yake biyan kuɗin makaranta da kofi, yanzu sai ya nemi abincin sayarwa, ba shi kuwa da sabuwar ƙasa sai kurmi.

Manyan namun daji sun riga sun tafi tun kafin wannan. Wani bincike da aka buga a 2001, wanda aka yi ta hanyar tambayar tsofaffin maharba, ya nuna cewa giwa ta ɓace tun zamanin kakanni, ɓauna ma ta bi bayanta, sauran manyan dabbobi kuwa ko sun ƙare ko sun rage 'yan kaɗan. Abin da ya rage wa mai neman nama shi ne ɓeraye da makamantansu, waɗanda ake kamawa da tarko. Wannan rashi ya shafi itatuwa ma, gama akwai waɗanda 'ya'yansu ba sa yaɗuwa sai dabba ta ci ta kai irin wani wuri.

Sai kuma maganar wani itace da masana ke kira Prunus africana. Daga ɓawonsa ake yin maganin ciwon nan da ke hana tsofaffin maza yin fitsari sosai, ana kuwa sayensa da yawa a Turai. In an bi ƙa'ida, gefe biyu ake sassaƙa masu fuskantar juna, a bar sauran biyun, a jira shekaru itacen ya warke. Har zuwa 1985 kamfani guda ne ke da izinin wannan aiki a Kamaru. A wannan shekara aka ba 'yan kasuwa da yawa lasisi. Masu sassaƙa, da yake da nauyi ake biyansu, sai suka riƙa feɗe itace daga gindi har rassa, waɗansu ma su kayar da shi. Itatuwa masu yawa suka bushe a tsaye.

An zauna da masu wuri

A farkon shekarun 1980 wata ƙungiyar duniya mai kula da tsuntsaye, wadda daga baya ta ɗauki sunan BirdLife International, ta aiko masana suka zaga tsaunukan Kamaru. Suka ga cewa in ba a yi wani abu ba, kurmin Oku zai ƙare, fen kuma ya bi shi. A 1987 ƙungiyar tare da gwamnatin Kamaru suka buɗe aikin kiyaye kurmin Kilum. A 1992 aka buɗe irinsa a ɓangaren Ijim, wajen mutanen Kom. A 1995 aka haɗe su suka zama aiki guda.

Da fari tunanin hukuma bai bambanta da na 1931 ba, wato a killace. Amma ma'aikatan aikin sun zauna cikin jama'a, suka ga abin da waɗanda suka riga su ba su gani ba. Mutanen ba maƙiyan kurmi ba ne. Mai amya ba ya son wuta. Masassaƙi ba ya son manyan itatuwa su ƙare. Mai magani yana kuka da awaki. Mata sun san rafukan da suka fara ƙafewa da rani. Su kansu sarakuna suna ganin wuraren al'adarsu suna komawa gona. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya rage shi ne a tara waɗannan muryoyi wuri guda.

Babban aiki na farko shi ne iyaka. A wannan karo ba a zana ta a ofis ba. Wakilan Fon da na Kwifon, da dattawan ƙauyuka, da ma'aikatan gwamnati, da masu gonakin da ke bakin kurmi, suka taka da ƙafa tare, suna tsayawa suna gardama har a yarda cewa daga nan gona ta tsaya. An ɗauki shekaru ana wannan, waɗansu kuma sun bar gonakin da suka riga suka share, abin da ba shi da daɗi ga mai iyali. Amma da yake Kwifon ta sa hannu, wanda ya ƙetare iyaka ba da baƙon ma'aikaci yake faɗa ba, da fada yake yi da kuma maƙwabtansa.

Hana mutum share sabuwar gona ba ya cika masa ciki. Saboda haka aikin ya haɗa da koya wa manoma yadda tsohuwar gona za ta ci gaba da bayarwa. Aka koyar da yin kunya a gicciye a kan gangare don kada ruwa ya kwashe ƙasa, da dasa itatuwa masu gyara ƙasa a cikin gona, da shuka ciyawar dabbobi a gida don a fitar da awaki daga kurmi, da kyautata kiwon zuma. Waɗanda suka bincika daga baya sun tarar cewa mutanen da suka shiga waɗannan ayyuka sun fi yarda da iyakar, har ma da waɗansu da suka gani kawai a wurin maƙwabta.

Dokar 1994

A ranar 20 ga Janairu 1994 Kamaru ta yi sabuwar dokar gandun daji, wadda ta kawo abin da babu shi a da, wato kurmin jama'a. Bisa ga wannan doka, ƙauye ko ƙauyuka suna iya neman a damƙa musu kurmin da bai wuce hekta 5,000 ba, su riƙe shi shekara 25 bisa yarjejeniya da ma'aikatar gandun daji. Sai sun kafa ƙungiya mai rajista, sun zana taswira, sun ƙidaya abin da ke ciki, sun rubuta tsarin yadda za su yi amfani da shi, a kuma riƙa duba tsarin bayan kowace shekara 5. Ƙasar tana nan ta gwamnati, amma amfanin da ke kanta na jama'a ne.

A wurare da yawa na kudancin Kamaru an karɓi wannan doka domin sayar da katako. A Kilum-Ijim kuwa an karɓe ta domin kiyayewa. Aka raba kurmin kashi 18, kowane da ƙungiyarsa ta masu kula, wadda ƙauyukan wurin suka zaɓa. Aka tsaya a kan ƙafa uku kamar murhu, wato jama'a, da sarakunan gargajiya, da gwamnati. Jama'a su tsara ƙa'ida su yi sintiri, fada ta hukunta wanda ya karya, gwamnati kuma ta ba da ƙarfin doka da shawarar masana. Ƙa'idodin kuwa ba masu wuya ba ne. Ba a noma a ciki, ba a sa wuta, ba a kiwo, busasshen itace ake ɗiba don girki, kafin rani kuma a fita gayya a share hanyar tare gobara. Wajen hekta 1,000 da ke kewaye da Tafkin Oku aka keɓe shi a hannun gwamnati domin kiyaye tsire-tsire.

Ko wannan ya yi amfani? Masanan Kew sun gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da na tauraron ɗan adam, tun daga 1958 har 2001. Suka ga ɓarnar shekaru 30 na farko a fili. Suka kuma ga cewa bayan 1988 iyakar ta tsaya, daga baya ma wuraren da kurmi ke sake tsirowa suka fi waɗanda ake ɓatawa yawa. A daidai wannan lokaci sauran ƙananan kurmin tsaunukan Bamenda, waɗanda ba su sami irin wannan tsari ba, suna ta raguwa.

Gwaji bayan tafiyar baƙi

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wajen 2004 aikin BirdLife ya zo ƙarshe, motoci da albashi suka tsaya, aka bar ƙungiyoyin 18 su tsaya da ƙafarsu. Nan rauninsu ya fito. Sintiri aikin sa kai ne, mutum kuwa yana da gonarsa. Takardun da ma'aikata ke bukata suna cin kuɗi. Masu awaki da dama ba su fitar da dabbobinsu ba, waɗansunsu kuma manyan gari ne da ba a iya tunkara.

Gwaji mafi tsanani ya zo ta wajen ɓawon Prunus africana. Tun 1995 aka sa wannan itace cikin jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu. Duk da haka, a tsakiyar shekarun 2000 masu saye suka yi yawa, kuɗi ya shigo ƙauyuka, aka sassaƙe itatuwa fiye da kima har a cikin kurmin jama'a. A waɗansu wurare aka yi ta gunaguni a kan yadda aka raba kuɗin, amana ta yi rauni tsakanin shugabanni da mabiya. A 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen ɓawon daga Kamaru, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai bayan 'yan shekaru, da aka ƙidaya itatuwa aka kuma ƙayyade abin da za a riƙa cira. Wannan ya nuna cewa damƙa kurmi a hannun jama'a ba ya mai da su mala'iku. Inda kuɗi mai yawa ya zo farat ɗaya, babu kuma mai bin lissafi, ɗan gari ma yana iya yin ɓarnar da baƙo ya yi.

Farar zumar Oku

Abin da ya fi riƙe kurmin bayan wannan shi ne zuma. Zumar Oku fara ce, mai kauri kamar man shanu, saboda furannin waɗansu itatuwan da ke kan dutsen ne kaɗai ƙudan zuma ke samunta. Ana yin amya da gora ko tukurwa, a lulluɓe ta da ciyawa. Da yake kan dutse yana da sanyi, mai amya yakan fara kafa ta a kwari inda ke da ɗumi har ƙudan zuma su shiga, sa'an nan ya toshe bakinta ya ɗauke ta a ka ya hau da ita cikin kurmi. Ana cire zumar daga wajen Afrilu zuwa Yuni.

A 2013 hukumar OAPI, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama, ta ba farar zumar Oku shaidar asali. Ma'anar wannan ita ce ba mai ikon sayar da wata zuma da wannan suna sai wadda ta fito daga wannan wuri bisa ƙa'idarsa. Tana cikin kayan Afirka uku na farko da hukumar ta yi wa haka, tare da barkonon Penja na Kamaru da kofin Ziama-Macenta na ƙasar Gini. Bayan wannan kuɗin zumar ya tashi.

Wata ƙungiya ta 'yan ƙasa mai suna CAMGEW, wadda aka kafa a 2007, ta ɗauki wannan hanya. Ta horar da masu kiwon zuma, ta taimaka musu suka kafa ƙungiyoyin haɗin kai, ta koya wa mata sarrafa kakin zuma su yi sabulu da kyandir, ta kuma jagoranci dasa dubban itatuwan asalin wurin a inda wuta ta ci. Hikimar a fili take. Mutumin da ke da amya 20 a cikin kurmi, in ya hango hayaƙi ba ya jiran a kira shi, da gudu zai tafi. Ƙungiyar ta ba da labari cewa gobara ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo. A 2019 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar yabo ta Equator.

Rikici da abin da ya rage

A ƙarshen 2016 rikici ya tashi a yankunan Kamaru biyu masu amfani da Turancin Ingilishi, a 2017 kuma ya zama na makamai. Gundumomin Bui da Boyo, inda kurmin yake, suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. An rasa rayuka, mutane da yawa sun bar gidajensu, an rufe hanyoyi da makarantu, kai zuma kasuwa ya zama da haɗari. A irin wannan hali ma'aikacin gwamnati ba ya iya zuwa sintiri, baƙon masani ma ba ya zuwa. Wanda ya rage kusa da kurmi shi ne mai amya, da mai magani, da matar da ke ɗiban ruwa a rafi. A 2024 Kamaru ta yi wata sabuwar dokar gandun daji a madadin ta 1994, amma doka ba ta aiki sosai sai inda akwai zaman lafiya.

Fen yana nan cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, kwaɗon tafki kuma yana cikin waɗanda haɗarinsu ya fi tsanani. Giwa da ɓauna ba za su dawo ba. Ba a gama da maganar awaki da wuta ba. Duk da haka kurmin da aka zaci zai ƙare tun ƙarni na 20 yana tsaye.

'Yan'uwa, a garuruwanmu da yawa akwai gandun daji da aka kafa wa alama tun zamanin Turawa, kowa yana ce masa na gwamnati, kowa kuma yana sara da dare. Tarihin Kilum-Ijim ya nuna abubuwa uku da suka sa nasu ya bambanta. An shata iyaka tare da waɗanda za su zauna da ita. An ba hukumar da jama'a ke jin tsoronta da kunyarta wuri a cikin tsarin. An kuma sami abin da mutum zai ci daga kurmi yana tsaye, wanda ya fi abin da zai samu in ya kayar da shi. Inda ɗaya daga cikin ukun nan ya yi rauni, kamar yadda ya faru a kan ɓawon magani, ɓarna ta dawo nan da nan. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, mutanen Oku da Nso da Kom kuwa sun wanke tasu ne sa'ad da suka tabbata cewa su da 'ya'yansu ne za su ci tuwon.